Inji Ɗaya, Farashi Daban: Yadda Tsohon Rolex Ya Tsere wa Tsararsa

Ranar 26 ga Oktoba, 2017, gidan gwanjo na Phillips ya sayar da wani agogon hannu a birnin Niyok kan dala miliyan 17.75. Agogon ƙarfe ne, babu zinariya a jikinsa, babu lu'ulu'u. Rolex Daytona ne mai lamba 6239, na ɗan wasan fim ɗin Amurka Paul Newman. Matarsa Joanne Woodward ce ta ba shi, ta sa aka zana masa gargaɗi a bayan murfin cewa ya riƙa tuƙi a hankali, ganin ya kamu da son tseren mota. Fuskarsa fara ce, da ƙananan da'irori uku baƙaƙe masu ƙidayar daƙiƙa da minti da awa, sai kalmar Daytona da jan fenti. Da a ce za a miƙa shi ga mai gyaran agogo ya kwance murfin, ya maƙala tabaronsa a ido ya leƙa, abin da zai tarar shi ne inji mai ƙananan duwatsun yaƙutu 17 wanda ake wanawa da hannu, ƙirar wata masana'anta mai suna Valjoux, wanda Rolex ya sayo ya yi wa 'yan gyare-gyare. Wannan injin, Valjoux 72, shi ne a cikin Heuer Carrera na 1963, shi ne kuma a cikin wasu agogunan Compax na Universal Genève na shekarun 1960. Ko da an cire sunan Newman daga lissafi, Daytona na wancan zamani yana ninka waɗannan 'yan'uwan nasa farashi sau da dama. Ciki ɗaya suka fito, kasuwa ce ta raba su.

A ganina, mai neman dalilin wannan bambanci ya daina duba ranar da aka ƙera agogon, ya dubi abin da ya faru da sunan da ke kan fuskarsa bayan nan, musamman tsakanin 1970 da 1990. Masu tara tsofaffin agoguna kan kawo wasu dalilan idan aka tambaye su, kuma wanda suka fi so shi ne inganci. Sai dai tarihin sana'ar bai goyi bayansu sosai ba. A Suwizalan, ƙira ta kasance a rarrabe tun asali: wani gida ya yi inji, wani ya yi fuska, wani ya yi ƙoƙon da ake zuba injin, mai suna ya harhaɗa ya buga tambarinsa. Fuskar Daytona ɗin Newman wani kamfani ne mai suna Singer ya yi ta, kuma yana yi wa wasu gidajen ma. Rolex kansa ya shafe shekaru aru-aru yana karɓar injinansa daga masana'antar Aegler da ke garin Biel, bai mallake ta ɗungurungum ba sai a 2004. Patek Philippe, wanda ake ɗauka a matsayin sarkin wannan sana'a, ya gina shahararren agogonsa mai lamba 1518 a kan ƙashin Valjoux, kuma daga tsakiyar shekarun 1980 ya koma amfani da ƙashin Lemania, tushe ɗaya da injin 321 da ke cikin tsohon Omega Speedmaster. Gaskiya ne Patek yakan goge kowane ƙarfe da hannu har ya yi sheƙi, kuma wannan aiki ne da ya cancanci kuɗinsa. Amma da inganci ne kaɗai ma'auni, da Longines na gaba-gaba, domin tun 1936 ya ƙera injinsa na auna tsere, 13ZN, a masana'antarsa ta Saint-Imier, a lokacin da Rolex ke sayen na wasu. Da Seiko ma ba a bar shi a baya ba, tunda a ƙarshen shekarun 1960 injinansa sun shiga gasar daidaiton lokaci ta Neuchâtel da ta Jeneba sun kunyata 'yan gida.

Dalili na biyu da ake yawan ambata shi ne ƙaranci, kuma shi ya fi sauƙin rushewa. Rolex ba ƙaramin gida ba ne; da yawan gaske yake ƙera agogo tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A gefe guda kuma akwai ɗaruruwan ƙananan sunaye na Suwizalan da suka mutu, waɗanda abin da ya rage na agogunansu bai taka kara ya karya ba, amma ba mai tayawa. Ƙaranci yana aiki ne kawai a cikin gidan da aka riga aka ƙwallafa wa rai. Patek ya ƙera 1518 guda 281 daga 1941, yawancinsu na zinariya, huɗu kacal aka sani na ƙarfe, shi ya sa a Nuwamban 2016 ɗaya daga cikin huɗun ya kai faran miliyan 11 na Suwizalan a Jeneba, ƙarfe ya doke zinariya. Haka nan agogunan Rolex da Sarkin Oman Qaboos ya sa aka buga musu hoton wuƙar gargajiya ta ƙasarsa a shekarun 1970 don ya riƙa kyauta da su, ɗan tambarin nan kaɗai yana ɗaga farashi. Abin dariya ma shi ne fuskar da yau ake kira ta Paul Newman kwantai ta yi a zamaninta. Masu saye ba su so ta ba, ta daɗe a kantuna, shi ya sa ba a yi ta da yawa ba. Ƙarancinta daga ƙiyayya ya samo asali.

Saura dalili na uku, wato labari, kuma nan ne maganar ta fi ɗaukar hankali, domin idan labari ake bi, Omega ba shi da na biyu. Louis Brandt ya kafa gidan a La Chaux-de-Fonds a 1848, shekara 57 kafin a ji ɗuriyar abin da zai zama Rolex. Omega ne ya auna lokaci a wasannin Olimfik na 1932 a Los Anjalis. Da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta nemi agogon da 'yan sama jannatinta za su ɗaura, ta gwada Omega da Rolex da Longines-Wittnauer da zafi da sanyi da danshi da girgiza. Speedmaster kaɗai ya fita da ransa, aka amince da shi a Maris na 1965, na Rolex kuwa ya gaza. A Yulin 1969 Buzz Aldrin ya taka doron wata da shi a hannu, yayin da Neil Armstrong ya bar nasa a cikin kumbo. A 1970, da kumbon Apollo 13 ya samu matsala, da Speedmaster aka auna daƙiƙa 14 na kunna injin da ya gyara musu hanyar dawowa. Babu wani agogo a duniya mai irin wannan tarihi, amma duk da haka mafi tsadar Speedmaster bai kama ƙafar mafi tsadar Daytona ba. Akwai ma misalin da ya fi wannan ciwo. Da aka hau ƙololuwar dutsen Everest a 1953, Rolex da wani kamfanin Ingila mai suna Smiths duk sun bai wa ayarin agoguna, kuma Smiths ya yi talla da shaidar Edmund Hillary cewa agogonsu ya kai har can sama. Yau a tambayi mutum goma wane agogo ne ya hau Everest, da wuya a samu mai ambaton Smiths. Kamfanin ya bar ƙera agogon hannu tuntuni, ba wanda ya rage da zai ci gaba da ba da labarin.

A nan ne halin wanda ya kafa Rolex ya shigo. Hans Wilsdorf Bajamushe ne, ɗan kasuwa, ba maƙerin agogo ba. Ya buɗe kamfani a Landan a 1905 tare da surukinsa Alfred Davis, ya yi rajistar sunan Rolex a 1908, bayan Yaƙin Duniya na Farko ya koma Jeneba. A 1926 ya fito da ƙoƙon Oyster wanda ruwa ba ya shiga, mai murfi da maɓallin da ake murɗawa su ɗaure. Shekara guda bayan nan, da Mercedes Gleitze ta sake shiga tekun da ya raba Ingila da Faransa don ta tabbatar wa masu shakka cewa ta iya ƙetare shi, Wilsdorf ya ba ta agogon ta rataya a wuya. Sanyi ya hana ta kammalawa bayan fiye da awa goma a ruwa, amma agogon bai tsaya ba, kuma a Nuwamban 1927 Wilsdorf ya sayi shafin farko na jaridar Daily Mail ya shelanta hakan. Mutum ne da ya san idan kana da kyau ka ƙara da wanka. Sai dai abin da ya fi tallansa tasiri shi ne wasiyyarsa. Bai bar ɗa ba, don haka ya kafa gidauniya da sunansa a 1945, kuma da ya rasu a 1960 ita ta gaji kamfanin. Babu masu hannun jari da za su tayar da hankali idan riba ta ragu, babu magada da za su raba gado su sayar. A 1960 wannan bai zama wani abin a zo a gani ba. Amfaninsa ya bayyana ne bayan shekara goma.

Ranar 25 ga Disamba, 1969, Seiko ya fito da Astron a Tokiyo, agogon hannu na farko mai aiki da batir da ƙwayar ma'adinin kwaz, a kan yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Cikin 'yan shekaru farashin irinsa ya faɗo warwas, har ya zama agogon da yaro zai saya da kuɗin tara ya fi na attajiri daidaiton lokaci. Sana'ar Suwizalan ta durƙushe. Ma'aikatanta sun ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980, kamfanoni kuma daga kimanin 1,600 zuwa wajen 600. Kowane gida ya nemi mafita. Omega, wanda tun 1930 yake ƙarƙashin inuwa ɗaya da Tissot a rukunin SSIH, ya bazama gasa da Japanawa, ya fito da samfura barkatai, na batir da na wani, masu tsada da masu araha, har mai saye ya rasa gane mene ne Omega. Rukunin ya tafka asara, bankuna suka ceto shi, a 1983 aka haɗe shi da rukunin ASUAG wanda Longines ke ciki, abin da daga baya ya zama Swatch Group a hannun Nicolas Hayek. Longines ya daina ƙera injinansa, aka ajiye shi a matakin tsakiya. Heuer ya fita daga hannun zuriyar da ta kafa shi, kamfanin TAG ya saye shi a 1985. Universal Genève, gidan da ya ba duniya Polerouter na 1954 daga alƙalamin Gérald Genta, ya koma hannun kamfanin Stelux na Hon Kon a 1989, ya yi dogon barci. A Zenith kuwa, masu kamfanin na Amurka sun ba da umarni a 1975 a watsar da kayan ƙera injin El Primero, wani ma'aikaci mai suna Charles Vermot ya ƙi bin umarnin, ya riƙa kwashe kayan aikin da zane-zanen a ɓoye yana jibgewa a saman rufin masana'anta.

Rolex ma ya taɓa batir, ya fito da Oysterquartz a 1977, amma bai bari ya zama abincinsa ba. André Heiniger, wanda ya riƙe kamfanin daga shekarun 1960 har zuwa 1992, ya fahimci cewa tunda an kayar da agogon inji a fagen faɗin lokaci, to a sayar da shi a matsayin alamar isa. Samfuran ba su canja ba sai kaɗan-kaɗan. Datejust na 1945, Submariner na 1953, GMT-Master da aka yi wa matuƙan jiragen Pan Am a tsakiyar shekarun 1950, duk suna nan da kamanninsu. Wanda ya ga Submariner a hannun Sean Connery a fim ɗin James Bond na 1962 zai gane jikansa a kanti yau daga nesa. Ma'anar wannan ga kasuwar tsofaffi babba ce, domin kowane sabon agogo da aka kafa a allon talla yana yi wa kakansa talla kyauta. Har El Primero ɗin da Vermot ya ɓoye, Rolex ne ya fi cin moriyarsa: a 1988 ya ɗauke shi ya zuba a sabon Daytona mai wana kansa, aka yi ta layi ba a samu, sai idanu suka koma kan tsofaffin da a da aka raina.

Wannan ya zo daidai da lokacin da tara agogon hannu ya zama sana'a. Kafin shekarun 1980 agogon aljihu ne abin tarawa, na hannu kuwa tsohon kaya ne kawai. Osvaldo Patrizzi, ɗan Italiya, ya kafa gidan gwanjo na Antiquorum a Jeneba a 1974, kuma shi ya yi fice wajen shigar da agogon hannu fagen gwanjo. A 1989 ya shirya gwanjo na musamman na Patek Philippe zalla, albarkacin cikar gidan shekara 150. Dillalan Italiya ne kuma ake dangantawa da laƙaba wa waccan fuskar da ta yi kwantai sunan Paul Newman. Waɗannan mutane sun fara zaɓe ne a daidai lokacin da yawancin tsofaffin gidaje ke kwance rai a hannun Allah. Da suka waiwaya, sunaye biyu suka gani a tsaye da martabarsu: Rolex a hannun gidauniya, da Patek a hannun iyalin Stern tun 1932. A kansu aka rubuta littattafan farko, a kansu aka kafa farashin farko, kuma duk wanda ya shigo daga baya a kan wannan shimfiɗar ya zauna. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai zumar da aka san mai ita.

Za a iya cewa idan gidan da ke raye ne ke tsaya wa tsohon kayansa, ai Rolex ne ya fi kowa rowa. Patek da Longines suna da kundin da ke nuna ranar da aka sayar da kowane agogo, kuma sukan ba da takardar shaida, Rolex kuwa ba ya buɗe nasa ga kowa. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, amma abin da ya biyo bayan shirun Rolex shi ne masu tarawa suka gina ilimin da kansu. Tunda samfuran kaɗan ne kuma canjin a hankali yake, ana iya bibiyarsa kamar salsala: siffar kambin da ke kan fuska, kaurin haruffa, jan rubutu ko fari, ko sinadarin da ke haske da dare radiyom ne ko tiritiyom da ya gaje shi a shekarun 1960. Mai saye yakan ɗora agogon a tafin hannu ya juya shi a haske, yana duba ko an goge gefen ƙoƙon har kaifinsa ya tafi, ko launin hannayen ya dace da na ɗigon awoyi. Fuskar da fentinta ya koɗe daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, wadda a idon masana'anta aibi ce, ita ake rububi. Wanda ya kai agogon kakansa aka sabunta masa fuska da hannaye ya dawo da shi fes, ya zubar da mafi yawan darajarsa bai sani ba. Irin wannan ilimi ba ya ginuwa a kan gidan da ya fito da ɗaruruwan samfura ya watsar. Kuma inda kuɗi ya yi yawa, takarda ma ba ta tsare kowa. A Nuwamban 2021 an sayar da wani Speedmaster na 1957 a Jeneba kan sama da faran miliyan 3, Omega da kansa ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya fito ya ce agogon haɗe-haɗe ne daga sassan agoguna daban-daban, ya kuma zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa da hannu a ciki.

Akwai masu cewa duk wannan dogon turanci ne, gaskiyar magana ita ce mutane na bin yarima a sha kiɗa. Ban musa ba gaba ɗaya. Mai sayen tsohon Rolex ya san duk ranar da ya matsu zai samu mai saye a Landan ko Dubai ko Hon Kon kafin rana ta faɗi, kuma wannan tabbacin da kansa yana cikin abin da yake biya, farashi na jawo farashi. Amma yayi ba ya shekara arba'in sai da abin da ya riƙe shi. Ƙoƙon Oyster ya hana gumi da ƙura da danshi cin fuska da inji, don haka agogunan da suka rayu cikin ƙoshin lafiya suna da yawan da zai ciyar da kasuwa, alhali kyawawan agogunan da aka zuba a ƙoƙo marar kariya tsatsa ta cinye da yawansu. Sai dai ƙarko shi kaɗai ma bai isa ba. Seiko 5, wanda ya fito a 1963, wanda alhazai da yawa suka riƙa dawowa da shi tsaraba, yana iya shekara talatin ba a buɗe shi ba, amma ba a jin sunansa a manyan gidajen gwanjo. An san shi da araha tun farko, kuma suna linzami ne.

Keɓantattun misalan da ake kawowa don karya wannan hujja su ma ita suke ƙarfafawa. A duk gidan Omega, Speedmaster ne ke da farashi mai girgiza zauren gwanjo, kuma shi ne samfurin da aka bari da kamanninsa da injinsa na wanawa da hannu tun shekarun 1960, saboda ba a taɓa abin da NASA ta sa wa hannu. Wato inda Omega ya yi irin haƙurin Rolex, ya samu irin sakamakonsa. Heuer Monaco da Steve McQueen ya ɗaura a fim ɗin Le Mans na 1971 ya kai dala miliyan 2.2 a Disamban 2020, bayan TAG Heuer ya dawo da samfurin ya yi shekaru yana talla da hoton McQueen. Kamfanonin da kansu sun gane karatun. A 2019 Omega ya dawo da ƙera injin 321 da ya ajiye tun ƙarshen shekarun 1960. A Disamban 2023 kuma Breitling ya sayi Universal Genève, gidan da ya yi fiye da shekara talatin ba a jin motsinsa, wanda 'yan tsirarun masu tarawa ne kaɗai suka riƙe sunansa, suna sayen Compax ɗinsa mai injin Valjoux 72 a kan wani ɗan yanki na kuɗin Daytona.